Hor ɗin da ke cin gonarmu: inda aiki ya kwana

12 Disamba 2021

Toh bismillah. Nace bari in riƙa rubuta abinda muke yi a gonar nan saboda yayana da ke Jidda kullum sai ya bugo yana tambayar ina aka kwana, kuma ni kaina mantuwa gareni, in ban rubuta ba nan da wata uku sai in rantse ban faɗi abinda na faɗa ba.

Gonar faddan 14 ce (faddan ɗaya kusan eka ɗaya ne), a Sudan take, kudu da garin Sinnar ba nisa da Mai Wurno, ta tudu ce ba ta bakin ruwa ba, ruwan sama kawai take sha, dawa da riɗi muke zubawa. Ta gabas ƙasa na gangarawa zuwa bahar, wato kogin Nilu, to ta nan ɗin ne hor, wato kwazazzabon da ruwan sama ke haƙawa, ya shigo mana. Baba yace suna yara in sun biyo awaki da ƙafa ɗaya suke tsallake shi. Yau na sauka ciki na miƙa hannu sama ban taɓo bakinsa ba, kuma ni ba gajere bane. A harif ɗin bana kaɗai, wato damina, ya cinye kunya wajen ashirin daga kusurwar gabas ya tafi da itacen aduwar da muke ɗaure jaki, saiwarta na nan a rataye kaman gashin tsohuwa.

Mutanen nan in kace zaizayar ƙasa haddam suke ji, wato bahar ya ci gaɓa ya zubar da lambun ayaba ko mangwaro, kaman yadda aka gani a 2020 da ruwa ya wuce na 1946 da na 1988. Namu ba shi bane. Namu daga sama yake zuwa, ruwan damina ne ke gudu ta kan gona ya faɗa ramin, wajen faɗawar yana ƙwaƙule ƙasan bakin, bakin ya rufta, ramin ya ƙara matsowa cikin gona. Baya-baya yake tafiya kaman rago zai yi karo.

Na kafa turken ƙarfe taku 10 daidai daga kan hor ɗin. Shine alƙalinmu, bayan damina zamu gani.

27 Disamba

Yau ni da Baffa muka bi sawun ruwan da ƙafa daga bakin ramin muka yi yamma, dan ya dage wai ba a maganin ciwo ba a san mafarinsa ba. Tafiyar kusan awa ɗaya. Abinda muka gani ya ɗan sanyaya min jiki wallahi, ashe ruwan da ke cinmu rabinsa ma ba namu bane. Akwai hanyar da lori da tarakta suka daddaɓe ta zama kaman siminti, duk ruwan da ya sauka kanta gefen gonarmu yake nufa. Sama da ita kuma gonar maƙwabcinmu Alhaji ce, babba, disk, wato garmar tarakta, yake sa mata duk shekara kuma direban daga tudu zuwa gangare yake ja saboda ta nan gonar tafi tsawo ba sai ya yi ta juyi yana ƙona jaz, wato man dizal, ba, to kowane layin disk ya zama ƙaramar magudana.

Baffa ya tsaya wani fili fetal yace nan da dajin talha ne da hashab, wanda mu muke cewa ɗakwara, mutum baya hango na gabansa. Duk an yi gawayi da su. Abin dariya ma dokar daji ta 1989 cewa tayi a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina ta inji da itatuwa, kashi 5 a ta ban ruwa. Na duba gabas da yamma ban ga ko kashi ɗaya ba.

Ita kuma baƙar ƙasar nan tamu kowa ya san halinta, da rani ta tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa, ruwan farko duk ta shanye ta cikin tsagar, amma da ta ƙoshi sai ta kumbura tsagar ta rufe ruf, daga nan ko ɗigo bata karɓa sai dai ya bi ta kai ya wuce, yana tafe yana kwasar ta saman wadda itace mai albarkar.

15 Janairu 2022

An yi mahawara a gida har Inna ta leƙo tace ko rabon gado ake. Yaya ta waya yace a yi katangar siminti guda ɗaya babba a tare bakin hor ɗin shikenan, shi zai turo kuɗin. Baba ya goyi bayansa dan shi a wajensa abinda ba a gani daga nesa ba aiki bane. Ni kuma na je Sinnar na samu wani malamin gona ya zana min a bayan takarda, yace kar ku yi kokawa da ruwa inda yafi ƙarfi, ku gajiyar dashi tun daga sama, shinge ƙanana da yawa a cikin ramin, kowanne kada ya wuce ƙugu, tsakiyarsa ya fi gefensa ƙasa dan ruwa ya bi ta kai ba ta gefe ba, a cusa kunnuwansa cikin gaɓa sosai, a shimfiɗa abu mai tauri a ƙasan inda ruwan zai faɗo. Kuma tazararsu ta zama kan na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama, kaman matakala.

Nace Baba ku yi haƙuri ku bari mu gwada na malamin. Yace kai ɗan nan, ruwan da ya ɗauke aduwa shi zaka tare da kara? A ƙarshe dai raba gardama aka yi, za a yi babbar guda ɗaya amma da buhunan ƙasa da ɗan siminti tunda farashinsa yau daban gobe daban, ni kuma a barni da ƙananuna. Dutse kam babu shi a nan, sai dai lori ya ɗauko daga wajen Jabal Moya kuma kuɗin lorin ya fi na dutsen, dan haka fasassun jan bulo zamu kwaso daga kamina, wato wajen gasa bulo, ta bakin bahar, su a wajensu shara ce.

6 Fabrairu

Yau muka fitar da layukan kunyar da zata tare ruwa, dole kowacce ta bi inda ƙasa take daidai ba gangare, kuma na yarda ido maƙaryaci ne. Tiyo fari mai tsawon mita 15 na siyo irin na magina, muka cika shi da ruwa muka ɗan zuba karkade dan a riƙa gani, muka ɗaure kowane baki a jikin sanda mai alama. Ƙanena ya riƙe ɗaya ni ɗaya, yana matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya kan alama ɗaya a sandunan biyu, sai mu kafa tsinke. Inda na rantse da Allah shimfiɗe yake sai ga bambancin kusan taƙi guda. Layin da ya fito kuwa karkace kaman maciji ya bi yashi, Baba yazo ya tsaya ya kalla ya kalla yace wannan ko makaho ya ja layi zai fi haka miƙewa. Da farko kumfar iska ta shiga tiyon ta ɓata mana tsinke wajen 30 sai da muka sake, duk mai son gwadawa ya fitar da iskar tas tukuna.

Ba wani sabon abu bane fa. Mutanen Kasala tun kaka da kakanni suna yin taras, kunya doguwa a ƙasan gona da hannaye biyu da suka yi sama, ruwa ya shigo ya zauna ya nutse su shuka dawa a kai. Kuma na ga bidiyon ƴan uwa na wajen Tawa a Nijar suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fako har ciyawa ta dawo. Mu ne dai da tarakta tazo muka ɗauka an gama da wahalar fartanya.

4 Maris

Nafir! Ko gayya in ji su Inna. Mutum 23 suka fito, mun fara bayan asuba muka tashi kafin azahar dan rana ta fara nuna hali. An ja kunya huɗu a faɗin gonar, tsayin gwiwa, an daddaka su da ƙafa, kowacce mun bar mata ƴar ƙofa da muka jera bulo dan in ruwa ya yi yawa ya samu mafita kar ya fasa. Cikin hor ɗin kuma shinge 7, turaku layi biyu aka kafa aka cusa ƙaya da karan dawa a tsakani aka ɗaure da waya, ƙasansu fasasshen bulo. Babbar katangar su Baba tana can ƙasa wajen da ramin yafi faɗi, buhu sama da 200, ta kai kafaɗata, kuma gaskiya tayi kyau a ido har ni sai da na ɗauki hotonta.

Faɗur ɗin ƙarfe goma kuwa, wato karin kumallo, ba a magana, asida da mulah, wato tuwo da miya, ga kisra, Inna kuma ta dage sai da ta dama kunun tsamiya wai gayya ba kunu ba gayya bace. Bayan nan jabana, wato gahawa, ta zaga a ƙarƙashin rumfa.

Wajen shan jabanar ne wani yace me zai hana ku watsa irin miskit, itacen nan mai ƙaya, a ramin, shekara biyu ya rufe. Baffa har ya ajiye finjalinsa. Yace a kawo masa miskit gona sai dai bayan ransa. Kuma yana da gaskiya, itacen nan tun 1917 aka shigo dashi Sudan, daga baya aka yi ta shuka shi dan tare yashi, ya tare ɗin amma sai ya zama ɗan hakin da ka raina, awaki su ci ƴaƴan su kai shi ko ina a kashinsu, ya cinye gonaki a Gash da Tokar da Halfa Jadida har a 1995 gwamnati ta bada umarnin a kawar dashi, har yau ba a gama ba.

18 Afrilu

Azumi, zafi, ba abinda aka taɓa a gona. A gida dai mun yi ƴar reno a bayan ɗaki, na tono ciyawar jema daga bakin maya, wato tafki, na rarraba ta a leda, ga irin bagaruwa da na jiƙa a ruwan zafi ya kwana saboda ɓawonsa tauri gareshi, ga ɗakwara ita ruwan sanyi ya isheta. Ƙanwata ke ban ruwa da ruwan alwala da na wanke-wanke mara sabulu. Kaji sun cinye min leda 11.

20 Mayu

Abinda nake ta ja da baya akai yau dai an yi shi, mun je wajen Alhaji. Baffa na gaba ina biye dan ni yaro ne ba zan tari dattijo da maganar gonarsa ba. An gaisa an tambayi iyali an sha shayi an yi maganar tsadar jaz kusan awa guda kafin Baffa yace Alhaji dama wata ƴar alfarma ce ta kawo mu, ruwan gonarka ne yake sauka wajen yaran nan da ƙarfi, ko za a ce wa direba bana ya gitta disk ɗin kudu da arewa.

Alhaji ya yi shiru yace Malam ai ruwa na Allah ne, ni na aiko shi? Baffa yace haka ne ranka ya daɗe, amma ƙasar da yake ɗaukowa taka ce, mu rami yake mana kai kuma yashe ka yake. Sai ya kamo hannunsa suka fita har gindin gonar ya nuna masa inda baƙar ƙasa ta ƙare fara-fara mai tsakuwa ta fito, dawar wajen bara ko ƙugu bata kai ba. Alhaji bai ce eh ba bai ce a'a ba, yace Allah ya kaimu damina. Baffa a hanya yace min wannan eh ce, ni dai ban ji ta ba.

24 Yuni

Ruwan farko jiya da daddare. Da safe na ruga gona ko karyawa ban yi ba, ba abinda ya gudana, tsagar ƙasa ta shanye duka. Ƙamshin ƙasa kawai.

16 Yuli

Mun dasa jema bayan babbar sallah da ƙasa ta jiƙu sosai, layi ɗaya a bayan kowace kunya da kuma zagayen kan hor ɗin, tsakanin tushe da tushe kaman faɗin tafin hannu, dan in aka bada tazara da yawa ruwa ta tsakani zai bi ya ƙara ƙarfi ma. Amfaninta saiwar ce, ƙasa take nutsawa tsaye ba ta yaɗuwa cikin gona ta dami shuka, ganyen kuma in ya haɗe ya zama kaman rariya, ruwa ya wuce laka ta tsaya. Inna tace a ƙasar Hausa ma da ita ake iyakar gona, kakarta ta faɗa mata, ashe mun baro abin a can ne muka zo nan muna tambayar malamin gona.

Bagaruwa mun sa ta cikin ramin a bayan shingaye tunda ita tana son inda ruwa ke kwanciya, ɗakwara kuma a tudu. Dawa mun shuka bin kunya ba bin gangare ba. Sannan labari mai daɗi, direban Alhaji ya gitta disk ɗin! Ba duka gonar ba, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa dai, amma ai da babu gara ba daɗi.

14 Agusta

Innalillahi. Ruwan shekaranjiya tun bayan isha har kusan asuba, irin wanda ake jin rufin zinki kaman zai tsage. Sai yau aka iya shiga gona, takalmi ma a hannu na riƙe shi dan laka ta ƙwace min sau biyu.

Babbar katanga ta tafi. Ba ta tsakiya ta fashe ba, tana nan tsaye abinta rabi, ruwan ne ya taru a bayanta ya rasa ta inda zai haura tunda samanta a miƙe muka yi shi ba mu bar masa wuya ba, sai ya ci gaɓar arewa ya zagaye ta, ya buɗe sabon rami a gefe mai faɗin da keken jaki zai wuce, buhunan gefen kuma na tsinci wasu can ƙasa kusa da bahar. Wato mun kashe kuɗin Yaya mun ƙara wa hor faɗi. Baba ya daɗe a tsaye hannu a baya bai ce komai ba, nima ban ce ba, ba ranar nace-nace bace.

Sai muka hau sama wajen ƙananan. Na 6 da na 7 sun tafi, kuma laifina ne, su ne na ƙarshe ranar nafir kowa ya gaji ba mu cusa kunnuwansu cikin gaɓa yadda ya kamata ba. Amma biyar na sama suna nan, sun ɗan sunkuya, ƙayar ta cika da ciyawa da leda har da wani silifas ɗin yaro ƙafar hagu, kuma bayan kowanne laka ta kwanta lumus kaman an shafe daɓe. Na soka sanda a bayan na farko ta nutse har gwiwar hannuna kafin ta taɓa tsohon ƙasan ramin. Baba ya karɓi sandar ya soka da kansa, ya ciro ya duba, ya ɗebi lakar ya murza a yatsa ya sunsuna. Yace wannan ai ƙasar gonar Alhaji ce. Nace eh Baba. Yace to ta zama tamu.

Kunya ta biyu ta fashe wuri ɗaya inda tururuwa suka yi gida, sauran ruwa ya kwanta a bayansu kwana biyu ya nutse. Mu dai alhamdulillahi, dan labarin da ke zuwa daga wasu jihohi ba daɗi, ruwa ya shiga gari da ƙauyuka gidaje sun zube, Allah ya mayar musu da alheri.

9 Satumba

An gyara kunyar da ta fashe, an sake na 6 da na 7, wannan karon sai da na haƙa gaɓa kamu ɗaya kowane gefe. Buhunan da suka rage daga babbar mun warware su mun yi ƙanana biyu da su a sabon ramin, masu wuya a tsakiya. Yaya da na tura masa hoto shiru ya yi kwana biyu sannan ya rubuto wai nawa ne kuɗin waya da turaku.

Matsalar yanzu awaki. Jema basu cika damunta ba in ta girma amma bagaruwa da ɗakwara ƙanana kaman alawa suke musu, cikin 60 da muka dasa 34 suka rage, kowacce yanzu mun yi mata kejin ƙaya. Na kama yaron da ke kiwon nayi masa faɗa, da yamma uwarsa ta aiko wa Inna da nono, shikenan magana ta mutu, awakin kuma jibi suka dawo.

Jiya na bi ta kan hazzan ɗin Sinnar, wato dam, ina kallon ruwan ja wur kaman kunun kanwa, sai nake tunanin duk wannan ƙasar gonakin wasu ce daga tsaunukan Habasha, can ma wani na tsaye yana kallon gonarsa na tafiya. Tun 1925 da aka gama dam ɗin laka ke taruwa a bayansa har ta cinye fiye da rabin abinda yake ɗauka, kuma duk shekara sai an yi ta yashe magudanan ban ruwa na gonakin Jazira. Wato abinda shingena na ƙaya ya yi a dare ɗaya shi ne dai, sai dai ni murna nake su kuka suke.

19 Nuwamba

An yanke dawa. Ba zan ce ta ninka ba dan bata ninka ba, amma layukan da ke bayan kunya sun fi sauran tsayi da kauri a fili, kuma sun kai kusan sati biyu suna kore bayan na tsakiya sun fara bushewa. Baba yace bana kar a kwashe kara duka a bar rabi a kwance ya rufe ƙasa, shi da bakinsa, ni dai na sunkuyar da kai nace to Baba. Sai dai an san makiyaya na nan tafe kuma karan ma kuɗi ne, zamu ga yadda za a yi.

Na auna turke. Daga taku 10 ya koma 9 da ɗan wani abu, kenan kan hor ɗin ya matso amma ƙasa da taku ɗaya, bara kuwa kunya ashirin ya ci. Jemar da ke zagaye dashi ta haɗe a gefen kudu, gefen arewa akwai giɓi uku da zan cike in an yi ruwa. Shinge na 1 da na 2 sun cika maƙil har ciyawa ta fito a kai, ana iya takawa a tsallaka, dan haka rani mai zuwa za a ɗora musu wani kamu ɗaya a sama.

Abinda ya rage: hanyar lorin nan har yanzu ba mu san yadda zamu karkatar da ruwanta ba tare da mun tura wa wani ba, sai an zauna da lajana, wato kwamitin unguwa. Sannan Alhaji ya aiko yaronsa ɗazu wai a ara masa tiyon nan mai karkade, na ce ya dawo gobe in nemo shi, ina jin ƙanena ya kai shi wajen tankin ruwa.